Yadda Ake Gwada Sabuwar Dabarar Kasuwanci da Ɗan Kuɗi Kafin a Zuba Jari

Firiza ce ta fara koya mini wannan aiki. Shekarun baya na ɗauki adashi, na kwashi kuɗin kaf na sayi babbar firiza don in riƙa sayar da ƙanƙara da zoɓo mai sanyi, wanda a nan Garwa, a arewacin Kamaru, aka fi kira folere. A takarda lissafin ya fita tsaf. Garin da zafinsa ke haura digiri 40 a watan Maris da Afrilu, wa zai ƙi abin sanyi? Sai da kaya suka shigo gida na gane cewa lokacin da aka fi neman ƙanƙara shi ne lokacin da wuta ta fi ɗaukewa a unguwarmu, ga shi gida uku a layinmu sun riga ni, kowa da masu sayensa na shekara da shekaru. Bayan wata biyar na sayar da firizar da faɗuwa. Har yau abin yana yi mini ciwo, don da na roƙi maƙwabcina ya ba ni gefe ɗaya a tasa firizar na mako biyu, da na san duk wannan da kuɗin da bai kai sefa 5,000 ba.

Tun daga nan ban ƙara zuba jari a wata dabara ba sai na yi mata samfurin gwaji. Na yi wa kaina, na yi wa ƙannena, na yi wa matasan da ke zuwa shagona neman shawara. Abin da nake nufi da samfurin gwaji shi ne ɗan ƙaramin kwatankwacin sana'ar, mai arha, wanda za ka tayar cikin kwana biyu ko uku, in bai yi ba ka naɗe shi ba tare da an ji kanka ba. Manomi ya san wannan: in aka kawo masa sabon iri, kunya biyu yake ba shi a gefen gona ya ga yadda zai yi. Amma fa ka lura, ba kaya kaɗai ake gwadawa ba. Kowa ya san mutane na cin shinkafa da miya. Tsarin ne abin gwaji: wa zai saya, ta yaya kayan za su kai hannunsa, yaushe zai biya kuma ta wace hanya, sannan me zai rage maka bayan an fitar da komai.

Kayan aiki

- Littafin rubutu sabo irin na 'yan makaranta, wanda muke ce wa kaye, da alƙalami. Kada ka dogara da ƙwaƙwalwa, ita ranar da aka yi ciniki kawai take riƙewa.
- Waya mai kyamara da WhatsApp. In ba ka da ita, ƙaramar waya da ƙafarka sun isa, sai dai za ka fi shan rana.
- Wurin ajiyar kuɗin gwajin shi kaɗai. Lambar Orange Money ko MTN MoMo ta daban ta fi, in kana Njamena kuma Airtel Money ko Moov Money. In hakan bai samu ba, gwangwani mai murfi ma ya yi, muddin kuɗin cefanen gida ba sa shiga ciki, ba sa fita daga ciki.
- Kuɗin da in sun salwanta ba za ka kasa barci ba.
- Mutum 10 zuwa 20 waɗanda ba danginka ba ne, ba kuma abokan majalisarka ba.
- Duk abin da ake iya arowa ko ɗauka haya: tebur, tukunya, kula, keken ɗinki, inji, moto (wato babur).
- Dattijo ɗaya ko wata uwa a kasuwa wadda ba ta jin nauyin gaya maka gaskiya.

Zan bi matakan da misali ɗaya, don kada maganar ta tsaya a iska. Ƙanwata ta iya girki, ta so ta buɗe gidan abinci kusa da ofisoshi. Hayar shago, kujeru, tukwane da 'yan aiki sun ci kuɗin da ba ta da su. Sai muka ce bari mu gwada wani tsari: ta dafa a gida, a kai wa ma'aikata a kula, su biya na mako tun ranar Litinin.

1. Rubuta zatonka a jimla ɗaya

Buɗe shafin farko na kaye ka rubuta abin da kake zato, da sunan masu saye da farashi. Namu ya kasance haka: "Ma'aikatan ofis da ba sa komawa gida da rana za su biya sefa 5,000 ranar Litinin don a kawo musu abinci kwana biyar." In jimlarka ta ce "mutane za su so kayana", ba ka rubuta komai ba tukuna. Waɗanne mutane? Nawa za su bayar?

A ƙarƙashinta ka jera duk abin da dole ya zama gaskiya kafin dabarar ta tsaya da ƙafarta. A wurinmu: akwai isassun masu yini a ofis, za su yarda su biya tun kafin su ci, mai moto zai kai abinci da zafinsa kafin sallar azahar, kuloli za su dawo. Yanzu ka duba wanne ne in ya zama ƙarya komai ya rushe, kuma kai kanka ba ka da tabbas a kansa. Shi za ka fara gwadawa. Mu namu shi ne biyan kuɗi tun gaba. Kuskuren da na fi gani shi ne mutum ya gwada abin da ya riga ya sani, don ya fi daɗi. Ƙanwata ta so ta fara da raba ɗanɗano, na ce mata ɗanɗanon girkinki ba shi ne abin shakka ba.

2. Ɗaure wa kanka iyaka tun kafin ka fara

Abu uku za ka rubuta a shafi na biyu: nawa za ka kashe, kwana nawa za ka yi, da adadin da zai raba gardama. Mu mun rubuta sefa 30,000, mako uku, kuma in mutum 8 cikin 20 suka biya a makon farko, sannan 6 daga cikinsu suka sake biya a mako na uku, za mu ci gaba. In ba haka ba, a tsaya.

Ka rubuta adadin nan yau, ka nuna wa dattijon da na ambata. Dalili kuwa, in aka fara aiki zuciya takan shiga ciki, mutum uku su saya ka ce ai alama ce mai kyau. Kuma kada ka ci bashi don gwaji. Bashi na sa mutum ya ƙi yarda da abin da idonsa ya gani.

3. Je ka ji daga bakin masu saye

Kafin a ɗora tukunya, ka yi kwana biyu ko uku kana zagayawa. Akwai yadda ake tambaya. In ka ce wa mutum, "Alhaji, in na kawo kaza za ka saya?" zai ce, "Me zai hana, Allah ya sa albarka." Kunya ce da kara, ba ciniki ba. Mu mutane ne da ba ma son karya wa mai nema gwiwa, kuma wannan hali mai kyau ya jefa matasa da yawa cikin asara.

Ka tambayi abin da ya riga ya faru. "Ranka ya daɗe, jiya da rana me ka ci? A ina? Nawa ka kashe? Wa ka aika? Me ya ɓata maka rai?" Jiya ba ta da kara, abin da aka yi an yi. Daga irin wannan hira muka gano cewa da yawa ba tsada ke damunsu ba, ɗan aike ne ke daɗewa, abinci ya iso a sanyaye ana shirin komawa aiki. Muka kuma gano ranar Juma'a kusan kowa gida yake tafiya. Nan take kwana biyar suka koma huɗu, farashi ya koma sefa 4,000, tun ba mu kashe ko dala ba.

A garuruwanmu kasuwa ba da harshe ɗaya take tafiya ba. In Fillancinka ko Faransancinka bai nuna ba, ka tafi da wanda ya iya. A Kusiri da Njamena kuma ka nemi mai jin Larabcin Shuwa. Wanda ya tambayi Hausawa kaɗai ya ji rabin kasuwa ne.

4. Zaɓi samfuri mafi arha da zai amsa tambayarka

Nan ne aikin yake, don haka zan ɗan daɗe.

Na farko, hoto kafin kaya. A 1999 wani matashi a Amurka mai suna Nick Swinmurn ya so ya san ko mutane za su sayi takalmi ta intanet ba tare da sun gwada a ƙafa ba. Bai yi sari ba. Ya shiga shagunan takalma ya ɗauki hotuna ya baje, in wani ya yi oda sai ya koma shagon ya saya ya aika masa. Abin da ya zama kamfanin Zappos ke nan, wanda Amazon ya saya a 2009. Kai ma in kana tunanin kawo jakunkuna da takalman fata na Marwa ka sayar a Ngaundere, nemi izinin masu sana'ar ka ɗauki hoto, ka tura wa mutanenka, ka ga nawa ne za su ajiye kafin alƙalami.

Amma a nan akwai maganar addini da ba zan tsallake ba. Hadisi ya hana mutum sayar da abin da ba ya hannunsa. Hanya biyu nake bi. Ko dai in fito fili in ce ni wakili ne, zan sayo maka ka ba ni la'ada kaza, ko kuma a ƙulla cinikin salam, wato a biya tun gaba a kan kaya masu sananniyar siffa da sanannen awo zuwa sanannen lokaci. Ka zauna da malaminka ka shimfiɗa masa tsarin yadda yake kafin ka karɓi kuɗin kowa. Kada kuma ka ce kaya na hannunka alhali ba sa nan.

Na biyu, yi da hannu abin da kake mafarkin inji ko manhaja za ta yi. Wani yaro ya zo mini da shirin biyan mai kwamfuta ya ƙera masa manhajar kai cefane gidaje. Na ce ya bar manhaja, ya karɓi saƙon gida goma ta waya, ya shiga kasuwa da kansa, ya kai da kansa. Cikin mako guda ya gano matan gida ba sa yarda wani ya zaɓar musu nama da kifi, amma suna murna a kawo musu gawayi, mai da buhun masara. Da ya fara da manhaja, da ya biya kuɗi an gina masa abin da ba a so.

Na uku, aro da haya. Kana son injin markaɗe? Yi yarjejeniya da mai inji a wata unguwa, ka tattara markaɗen layinku kana kai masa, ka ƙirga kwano nawa ake samu a rana. Kana son cajin waya da sola? Ɗauki faranti da batir haya na mako biyu.

Na huɗu, tebur a ranar kasuwa. Ɗauki kaya kaɗan ka kasa a kasuwar Pitowa ranar Lahadi, ko a kasuwar mako da ta fi kusa da kai. Yini ɗaya a nan zai nuna maka wa ke tsayawa, wa ke tayawa, a kan nawa ciniki ke faɗawa.

Ƙanwata ta haɗa na biyu da na uku: murhun gida, tukunyar biki ta maƙwabta, kuloli goma na aro, da mai moto ɗaya da aka yi jinga da shi. Ba ta buga kati ba, ba ta yi allo ba, ba ta sa wa sana'ar suna ba. Abu ɗaya ne ban yarda a yi masa arha ba, shi ne tsafta. In abin ci ne ko na sha ko na shafawa, samfuri ba hujjar ƙazanta ba ne. Cikin mutum ɗaya ya ɓaci, sunanka ya tafi tun ba ka fara ba.

5. Sa farashin gaskiya, ka karɓi kuɗi a hannu

Kada ka ba da kyauta, kada ka karya farashi "don a saba". Wanda ya ci a banza bai gaya maka komai ba. Ka sa kuɗin da za ka sa in sana'ar ta kafu. In kana son jawo mutane, yi musu gyara, wato ɗan ƙari a kan kaya, farashin kuma ya zauna inda yake.

Ba a ba da bashi a lokacin gwaji, ko ga wa. Ka faɗa da ladabi: "Baba, ka yi haƙuri, gwaji muke yi, kuɗin ne ke nuna mana ko za mu ci gaba." Da yawa za su gane. Wanda ya ce sai ƙarshen wata, rubuta shi a shafi na daban, don shi ma labari ne: wataƙila tsarin biyan wata ya fi dacewa da masu albashi.

Abu biyu ƙanana da ke cin riba a ɓoye. Ɗaya, ƙarancin canji. Wanda ya yi ciniki da sefa ya san wahalar neman silalla, don haka ka tsara farashi a kan 500 ko 1,000 in zai yiwu. Biyu, kuɗin da ake yanka in za ka cire abin da aka turo maka ta waya. Ka sa shi cikin lissafi tun ranar farko. In kuma daga Mubi ko Yola kake sari, rubuta canjin naira na ranar da ka saya, don ribar da ta zo daga canji ba ribar dabararka ba ce, gobe tana iya juyawa.

6. Gudanar da gwajin, kana rubutu kullum

Kowace yamma ka cika layi ɗaya: mutum nawa aka yi wa tayi, nawa suka biya, nawa suka dawo, nawa aka kashe, awa nawa aikin ya ci, me ya yi kwantai, me aka yi ƙorafi a kai. Masu dawowa su ne abin kallo. Sayen farko yana iya zama na son gani ko na zumunci. Saye na biyu da na uku shi ne ciniki.

Ka kula da lokacin da ka zaɓa. Gwajin abin sha a watan azumi ko a tsakiyar bazara zai ruɗe ka, haka na ɗinki ana gobe sallah. Gwajin da ya faɗa makon albashi kaɗai bai nuna maka tsakiyar wata ba, shi ya sa nake son mako uku aƙalla. A ƙauyukan auduga kuɗi na yawo bayan Sodecoton, mai sayen audugar, ta biya manoma, da damina kuma aljihu ya yi sanyi, wasu hanyoyin ma moto ba ya bi. In dole ta sa ka gwada a lokacin da kasuwa ke ci, rubuta hakan da manyan baƙaƙe, ka sake wani gwajin in ta lafa.

7. Sauya abu ɗaya a lokaci ɗaya, ka buɗe ido ga abin da ba ka zata ba

In makon farko bai yi ba, kada ka sauya farashi da unguwa da kaya gaba ɗaya, don in abu ya gyaru ba za ka san me ya gyara shi ba. Ɗauki ɗaya. A mako na biyu mun bar komai yadda yake, sai dai muka ƙara zaɓin biyan kullum a kan sefa 1,200. Mutum biyu kawai suka koma can, sauran suka zauna a biyan mako. Wannan ya tabbatar mana biyan gaba ba shi ne matsala ba.

Matsalar ta fito ta inda ba mu duba ba: kuloli. Wasu su tafi da su gida, wasu su dawo da su ba murfi, mai moto ya yi sawu biyu. Sai da muka sa kuɗin ajiya a kan kowace kula, wanda ake mayarwa in an daina, sannan abin ya daidaita.

Wani lokaci kuma masu saye kan nuna maka wata sana'ar da ta fi taka. A Kenya, lokacin da aka fara gwajin M-Pesa a 2005, an tsara shi ne don masu karɓar ƙananan rance su riƙa biyan bashi ta waya. Sai aka ga mutane suna amfani da shi suna tura wa juna kuɗi. Masu shi suka bi abin da suka gani, a 2007 kamfanin waya na Safaricom ya fito da shi a matsayin hanyar aika kuɗi. Mu ma a ɗan ƙaramin gwajinmu, mutum uku sun tambaya ko za a riƙa kai abinci asibiti ga masu jinyar 'yan'uwansu. Ƙanwata ta rubuta shi a bayan kaye, daga baya ya zama gwaji na biyu.

8. Zauna ka yi lissafi, ka yanke hukunci

Ranar da wa'adi ya cika, ka kira dattijonka ku buɗe kaye tare. Ga yadda lissafin yini ɗaya ya kasance a wurinmu, na mutum 10: an karɓi sefa 10,000, cefane ya ci 5,500, gawayi 500, moto kaiwa da dawowa 1,500. Saura 2,500. Ƙanwata ta ce riba ke nan, na ce a'a, cire ladan girkinki. Da za ki ɗauki wata ta yi miki, nawa za ki ba ta? Muka cire 1,000. Sannan tukunya da kuloli na aro ne, ba za a ara miki har abada ba, sai a ware wani abu na sayensu. Abin da ya rage bayan wannan shi ne gaskiyar sana'ar. Mafi yawan masu farawa a nan suke yaudarar kansu, su manta da guminsu da kayan aro.

Hukunci uku ne. In an kai adadin da ka rubuta kuma riba ta rage, ci gaba. In mutane na so amma lissafi bai fita ba, gyara abu ɗaya ka sake mako biyu. In ba a kai ba, tsaya, ko da kana ganin saura ƙiris. Wanda ya biya tun gaba a mayar masa da ragowar kuɗinsa har gida, a gode masa, kayan aro a wanke a mayar da ɗan goro. Waɗannan mutanen su za ka koma wa a gwaji na gaba.

9. In ya yi, ƙara kaɗan kaɗan

Daga mutum 10 ka je 20, kada ka yi tsalle zuwa 100. Kowane ƙari sabon gwaji ne, don tukunyar da ta ciyar da goma da wuri tana iya makara a kan ashirin, moto ɗaya kuma ba zai zagaya unguwannin Rumde Ajiya da Yelwa a lokaci guda ba. Ka fara sayen abin da aronsa ya fi ba ka wahala. Mu kuloli muka fara saya, sai tukunya, shago kuwa har yanzu ba a kama ba, don lissafi bai nuna ana bukatarsa ba.

Da zarar abin ya wuce gwaji ya zama na kullum, je ofishin magajin gari da na haraji ka ji abin da ya hau kanka, in kuma kamfani za ka yi wa rajista, akwai cibiyar CFCE, wato ofishin rajistar kamfanoni, a nan Garwa. Ka tafi da kayenka a hannu, don tambayar farko da za a yi maka ita ce nawa kake sayarwa, amsar kuma tana ciki.